Lafcadio Hearn, baƙon da ya koma Koizumi Yakumo: tambayoyi da amsoshi

Turawa da yawa sun yi rubutu a kan Japan a ƙarshen ƙarni na 19: jakadu, 'yan mishan, likitoci, injiniyoyi, 'yan kasuwa. Akasarinsu daga unguwar Turawa ta bakin teku suka hango ƙasar, suka rubuta abin da suka hango, suka koma gida. Lafcadio Hearn kuwa kutsawa ya yi can ciki, ya yi aure, ya ɗauki sunan gidan surukansa, a can kuma ƙasa ta rufe idonsa. Ga abubuwan da aka fi tambaya a kansa.

Wane ne shi, kuma me ya kawo suna biyu?

Ɗan jarida ne kuma marubuci. An haife shi ran 27 ga Yuni 1850 a tsibirin Lefkada na ƙasar Girka, lokacin tsibirin yana hannun Birtaniya, daga sunan tsibirin ma aka ciro Lafcadio. Ya sauka Japan a 1890 yana da shekara 39, bai kuma sake fita daga ƙasar ba har ya rasu a 1904. Cikin shekara 14 ɗin nan ya fitar da littattafai fiye da goma a kan Japan, duka da Turanci.

A 1896 ya zama ɗan ƙasa, aka rubuta shi Koizumi Yakumo. Koizumi sunan gidan matarsa ne. Yakumo kuwa, wato gizagizai takwas ko gizagizai bisa gizagizai, ita ce kalmar da ta buɗe wata tsohuwar waƙa ta yabon ƙasar Izumo, wani tsohon lardi a yammacin Japan, wadda ke cikin Kojiki, kundin almara da tarihi da aka kammala a shekarar 712. Akwai ma suna na uku. Da aka zo rubuta sunansa da haruffan Japan a takardun aikin koyarwa, sai ya fito Herun. Sunan ya yi masa daɗi, ya riƙe shi, mutanen Matsue kuma, garin da ya fara koyarwa a Japan, har yau Herun-san suke ce masa.

Yaya aka yi ɗan Girka ya tashi a Ailan?

Ubansa, Charles Hearn, ɗan Ailan ne, likita a rundunar sojan Birtaniya. Uwarsa, Rosa, 'yar tsibirin Kythira ce. A 1852 aka kai uwa da ɗa Dublin wurin dangin miji. Ba ta jin Turanci, ba ta saba da sanyi ba, dangin kuma ba su karɓe ta hannu bibbiyu ba. A 1854 ta koma Girka ta bar yaron yana ɗan shekara huɗu, bai sake sa ta a ido ba. Uban ya sa aka warware auren, ya auri wata, ya wuce Indiya, ya rasu a 1866 cikin jirgin ruwa a hanyar dawowa. Maraya ne tun iyayensa suna raye.

Riƙonsa ya faɗa hannun Sarah Brenane, 'yar'uwar kakarsa ta wajen uba, mace mai hali kuma mai tsananin riƙo da Katolika. Ta sa shi makarantar kwana ta Ushaw, kusa da Durham a Ingila, a 1863. Da ta gamu da karayar arziki sai aka cire shi daga makaranta, ya yi ta gararamba a Landan cikin talauci. A 1869, yana ɗan shekara 19, aka yankar masa tikitin zuwa Amurka, na tafiya kawai babu na dawowa.

Me ya sa kusan duk hotunansa gefe ɗaya na fuskarsa ake gani?

Yana ɗan shekara 16 ya ji ciwo a filin wasan makaranta, idon hagu ya mutu. Na dama kuma ba ya hangen nesa, sai ya kai takarda dab da fuska yake karatu. Abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa in za a ɗauke shi hoto yake juya gefen dama ko ya sunkuyar da kai. A gidan tarihinsa na Matsue akwai teburin da aka ƙera masa, mai tsayi fiye da na kowa, don takarda ta zo kusa da ido. Wannan ba ƙaramin batu ba ne ga mai karanta shi: mutumin da bai gani sosai ba ya koyi saurare, kuma mafi kyawun shafukansa a kan Japan da kunne aka rubuta su.

Me ya yi a Amurka kafin ya tafi Japan?

A Cincinnati ya fara, yana kwana inda dare ya yi masa, har wani mai maɗaba'a, Henry Watkin, ya ja shi a jika. Daga 1872 ya shiga jaridar Enquirer, ya yi suna a 1874 da rahoton wani mummunan kisa da aka yi a wata majema. Inda sauran 'yan jarida ba sa zuwa nan yake zuwa: mayanka, gidajen kwana na talakawa, bakin kogi inda baƙaƙen fata 'yan dako suke waƙoƙinsu, yana rubuta baitocin kamar yadda ya ji su.

A 1874 ya auri Alethea Foley, baƙar fata wadda aka haifa cikin bauta. Dokar jihar Ohio a lokacin ta haramta irin wannan aure, jaridar kuma ta kore shi a 1875. Auren bai yi ƙarko ba. A 1877 ya koma New Orleans, ya yi shekara goma. Ya taɓa buɗe gidan abinci mai arha, kowane kwano santi biyar, abokin haɗin gwiwarsa ya gudu da kuɗin tun ba a yi wata guda ba. A 1885 ya buga littafin karin maganar Kiriyol, wato al'ummomin da harshensu ya samo asali daga cuɗanyar Faransanci da harsunan Afirka, da littafin girke-girkensu. Daga 1887 zuwa 1889 yana tsibirin Martinique na yankin Karibiyan, inda ya rubuta rayuwar matan da ke ɗaukar kaya a ka suna ratsa duwatsu, da almarar da tsofaffi ke bayarwa.

Wato kafin ya taka Japan ya riga ya yi shekara kusan ashirin yana sana'a ɗaya: zama kusa da mutanen da ba a damu da su ba, da tattara abin da ke bakinsu.

To me ya kai shi Japan?

Kamfanin mujallar Harper's ne ya tura shi tare da wani mai zane, su yi rahoton tafiya. Sun sauka Yokohama ran 4 ga Afrilu 1890. Ba a daɗe ba ya ɓata da kamfanin kan kuɗi da sharuɗɗan aiki, ya aika musu wasiƙu masu zafi, ya yanke hulɗa. Haka halinsa yake, mai saurin ɗaukar zafi, mai zargin an ci amanarsa. Abokai da yawa ya rabu da su ta wannan hanya.

Ya wayi gari a baƙuwar ƙasa ba aiki. Mutum biyu suka tsaya masa: Basil Hall Chamberlain, farfesa a jami'ar Tokyo wanda ya fassara Kojiki zuwa Turanci, da Hattori Ichizo, jami'in ma'aikatar ilimi da suka san juna tun wani baje koli a New Orleans. Suka samo masa aikin koyar da Turanci a Matsue, kan albashin yen 100 a wata.

Wace irin Japan ya tarar?

Ƙasar da ke sauya kamanni da gudu. A 1853 jiragen yaƙin Amurka suka tilasta mata buɗe ƙofa. A 1868 mulkin gidan Tokugawa, wanda ya haura shekara 260, ya faɗi, aka mai da iko ga Sarki Meiji. A 1871 aka rushe masarautun larduna. A 1872 jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Tokyo da Yokohama. A 1876 aka hana samurai, wato mayaƙan gado, rataya takobi, aka kuma soke albashin da suke gada kaka da kakanni. Wasunsu suka yi tawaye a 1877 aka murƙushe su. Tsarin mulki ya zo a 1889, majalisa ta fara zama a shekarar da Hearn ya iso.

Yaran da ke zaune gabansa a aji, iyayen da yawa daga cikinsu sun taɓa yawo da takubba biyu a ƙugu, yanzu kuwa kayan gado suke sayarwa su sayi shinkafa. Baƙi kuma ba su da izinin zama ko'ina sai a 'yan garuruwan da yarjejeniya ta ware, irin su Yokohama, Kobe da Nagasaki. Shiga ciki sai da takarda. Aikin gwamnati ne ya ba Hearn damar da yawancin marubuta ba su samu ba.

Wata 15 kawai ya yi a Matsue. Me ya sa kullum ita ake ambata?

Don can ne ya ga Japan ɗin da ya zo nema, can kuma ya samo kayan littafinsa na farko, Glimpses of Unfamiliar Japan, mai juzu'i biyu, wanda ya fito a 1894. Matsue tana gaɓar yamma, a tsohon lardin Izumo, jirgin ƙasa bai kai can ba tukuna. Kwanaki ya yi yana ratsa duwatsu cikin keken da mutum ke ja kafin ya isa, ƙarshen Agusta 1890.

A duba yadda ya ba da labarin wayewar gari a can. Bai fara da abin da ya gani ba. Yana kwance, kunnensa a matashi, sai ya ji wani dum, dum, a hankali, kamar bugun zuciyar ƙasa. Ashe masu surfen shinkafa ne: wani ƙaton taɓarya a jikin doguwar itaciya, mutum ya taka ƙarshenta ta ɗaga, ya saki ta faɗa turmi. Wanda ya taɓa farkawa da sautin daka daga maƙwabta ba ya buƙatar a yi masa bayani. Bayan wannan sai ƙararrawar ɗakin bauta, sai kiran masu tallan kayan lambu da na itacen hura wuta. Ya tura taga ya ga hazo kwance bisa tafkin Shinji. Daga bakin kogi ya ji tafi, mutane sun wanke fuska sun fuskanci rana suna tafa hannu, irin ibadarsu ta safe. Can kuma gadar Ohashi ta cika da ƙwas-ƙwas ɗin takalman katako. Ba wani sarki ko yaƙi a cikin wannan shafi, amma ya adana abin da takardun gwamnati ba sa adanawa.

A Satumba 1890 babban mai kula da ɗakin bautar Izumo Taisha, Senge Takanori, ya shigar da shi can cikin ɗakin, abin da ba a taɓa yi wa Bature ba. Ya kuma je unguwar wasu mutane da gari ya tsangwama, waɗanda ba a aure da su ba a kuma shiga gidajensu, ya saurari waƙoƙin matansu, ya sa aka rubuta. Da ɗan gari kan ci gari: abokin aikinsa Nishida Sentaro ne ya yi masa tafinta da jagora a yawancin wannan yawo.

Sanyin hunturu ne ya kore shi, ga kuma nauyin dangin mata. A Nuwamba 1891 ya koma koyarwa a Kumamoto, can kudancin Japan, inda albashi ya ninka zuwa yen 200. Shugaban makarantar a lokacin shi ne Kano Jigoro, wanda ya kafa wasan judo.

Wace ce Setsu, kuma gaskiya ne ita ce ainihin mai labaran?

Koizumi Setsu, an haife ta 1868, shekarar da tsohon mulki ya faɗi. 'Yar gidan samurai ce, wani gidan samurai kuma ya riƙe ta tun tana jaririya, duka gidajen biyu suka talauce. Da saƙa ta riƙa ciyar da su. Mijinta na farko ya gudu ya bar ta saboda talauci. Farkon 1891 ta shiga gidan Hearn a matsayin mai aiki, kafin shekara ta ƙare sun zama mata da miji. Sun haifi 'ya'ya huɗu: Kazuo, Iwao, Kiyoshi da Suzuko. Papa-san take ce masa, shi kuma Mama-san.

Ita ba ta iya Turanci ba, shi kuma Japanancinsa guntu-guntu ne. Sai suka ƙirƙiro nasu yaren, Japananci mai karyayyen nahawu da gidan ke kira yaren Herun. Da shi aka gina Kwaidan, littafin labaran fatalwa na 1904 wanda ya fi kowane nasa shahara, mai labarai 17 da maƙaloli uku a kan ƙwari.

Ta rubuta yadda suke aikin a tunawar da ta bari. Takan bi shagunan tsofaffin littattafai ta sayo, ta karanta, ta haddace. Da dare su rage lagwanin fitila, ta fara. Idan ya ga littafi a hannunta sai ya hana: ba karatu yake so ba, labarin ya zama nata, da kalmominta da tunaninta. Yakan tsayar da ita ya tambayi wace irin murya mai maganar ya yi, yaya ƙarar takalmin take, wane irin dare ne. Lokacin da yake rubuta labarin Hoichi, makahon makaɗin da fatalwar mayaƙan gidan Heike ke ɗauka kowane dare ya rera musu waƙar yaƙin Dan-no-ura na 1185 inda aka hallaka su, wata rana magariba ta yi bai kunna fitila ba. Setsu ta tsaya bayan ƙofa ta kira a hankali: Hoichi, Hoichi. Daga cikin duhu ya amsa mata cewa shi makaho ne, wane ne ke kira. Ya shige cikin labarin har ya manta kansa.

To ita ce mai labaran? A ganina amsar ba ta da wuya. Jimlolin Turancin nasa ne, shi ya sassaƙe su har suka zama gajeru masu sanyi. Amma zaɓen labari, da muryar da ya fara jin sa da ita, da sanin yadda bazawara ko bawa ko ɗan sarauta zai yi magana, nata ne. Sunanta bai hau bangon ko ɗaya ba. Japanawa sun fara biyan wannan bashi: a 2025 tashar NHK ta soma nuna wasan kwaikwayonta na safe da aka gina a kan rayuwar Setsu.

Ya iya karanta Japananci?

Bai iya karanta jarida ko tsohon littafi da kansa ba. Wasiƙun da yake wa matarsa da haruffa masu sauƙi yake rubuta su, kamar na ɗan firamare. Duk wata takarda da ya yi amfani da ita, wani ne ya karanta masa ko ya fassara: Setsu, Nishida, ko tsofaffin ɗalibansa da yake biya.

Ban da fatalwa, me ya rubuta a kan zaman jama'a?

Da yawa, kuma a nan ne ɗan jaridar Cincinnati yake fitowa. Littafinsa Kokoro na 1896, wato zuciya, ya buɗe da wani abu da ya faru a tashar jirgin Kumamoto a 1893. An kawo wani ɓarawo da ya kashe ɗan sanda shekara huɗu baya ya tsere. Jama'a sun cika tasha. Jami'in da ya rako shi ya kira matar mamacin, ta fito da yaro a goye, yaron da ke ciki lokacin da aka kashe ubansa. Jami'in bai yi wa uwar magana ba, yaron ya yi wa: ga wanda ya kashe mahaifinka, dube shi. Yaron ya ƙura ido yana kuka. Ɓarawon, hannu a ɗaure, ya zube ƙasa yana goga fuska a turɓaya, yana roƙon yaron gafara, yana cewa ya cancanci mutuwa. Taron ya fashe da kuka, har ɗan sandan ma da hawaye.

Akwai labarin Hatakeyama Yuko, matashiyar da ta kashe kanta a Kyoto a Mayu 1891 don neman afuwa a madadin ƙasa, bayan wani ɗan sanda ya sari yariman Rasha Nicholas a garin Otsu. Akwai maƙalarsa kan murmushin Japanawa, inda ya yi wa Turawa bayanin cewa mai aikin da ta yi murmushi tana ba da labarin mutuwar mijinta ba rashin tausayi ba ne, tarbiyya ce ta kada ka ɗora wa wani nauyin baƙin cikinka. Akwai annobar kwalara a Kobe, da dawowar sojoji daga yaƙin Sin na 1894 zuwa 1895.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne littafin tunawar wata matar talaka a Tokyo, 'yan takardu da aka tsinta bayan rasuwarta. Mijinta ɗan aike ne a wani ofis. Ta rubuta ranar aurenta, da 'yan fitar da suka yi zuwa kallon wasa, da haihuwa uku, da mutuwar 'ya'yan uku ɗaya bayan ɗaya. Hearn ya sa aka fassara, bai cika ta da sharhi ba, ya bar ta ta yi magana.

Labarin dattijon da ya ƙone shinkafarsa don ceton ƙauye daga tsunami, gaskiya ne?

Rabi da rabi, kuma misali ne mai kyau na yadda yake aiki. Ran 15 ga Yuni 1896 igiyar teku ta afka wa gaɓar Sanriku ta kashe mutum wajen 22,000. Hearn ya rubuta labarin wani dattijo mai gari, Hamaguchi Gohei, wanda daga kan tudu ya ga teku ta ja baya, ya cinna wa damman shinkafarsa wuta don mutane su rugo kashe gobara su tsira. Labarin ya fito cikin littafi a 1897, yana cikin rubuce-rubucen farko da suka shigar da kalmar tsunami cikin Turanci.

Mutumin gaskiya Hamaguchi Goryo ne, na ƙauyen Hiro a Wakayama, magajin gidan da ke yin miyar waken soya ta Yamasa. A girgizar ƙasar 1854 shekararsa 34, ba dattijo ba ne. Wutar kuma bayan ruwa ya riga ya shigo ya kunna ta, cikin duhu, don waɗanda suka ɓace su ga hanyar tudu. Babban aikinsa ma Hearn bai ambata ba: da kuɗinsa ya gina ganuwa mai tsawon mita kusan 600, tsayi mita biyar, ya ba mutanen da suka rasa komai aikin yi, ganuwar kuma ta kare garin a tsunamin 1946.

Duk da haka labarin Hearn ne ya yi tafiya. Wani malami, Nakai Tsunezo, ya sake rubuta shi da Japananci, ya shiga littafin firamare daga 1937 zuwa 1947. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Nuwamba a matsayin ranar faɗakarwa kan tsunami, ranar da abin ya faru bisa tsohuwar kalandar Japan.

Me ya sa ya bar zama ɗan Birtaniya?

Don iyali. Da ya yi rajistar auren a ofishin jakadancin Birtaniya, Setsu za ta rasa zama 'yar ƙasa, da haƙƙin mallakar fili a cikin ƙasarta. Da kuma ya bar abin haka, in ya mutu gadonsa na iya kuɓuce wa ita da yaran. Hanyar da ta rage ita ce shi ya shiga gidan Koizumi a matsayin mijin da gida ya ɗauka. Wanda aka yasar yana ɗan shekara huɗu ba ya wasa da irin wannan.

Za a iya dogara da shi wajen sanin tarihin Japan?

A matsayin shaida, ƙwarai. A matsayin alƙali, a yi hattara.

Abin da ya ji da kunnensa ko ya tsaya a kai, kamar kasuwar dare ta bikin matattu, wasan yara, aji da ɗalibai, yadda ake jana'iza, yana da daraja, domin yawancinsa ya shuɗe kuma 'yan ƙasa a lokacin ba su ga abin rubutawa a ciki ba. Ko a nan ma yakan gyara labari don ya yi daɗi, kamar yadda aka gani a na Hamaguchi.

Littafinsa na ƙarshe, Japan: An Attempt at Interpretation, na 1904, shi ne yunƙurinsa na bayyana ƙasar gaba ɗaya. Ya faro ne a matsayin laccocin da zai gabatar a jami'ar Cornell ta Amurka, aka janye gayyatar. Jigonsa shi ne girmama magabata ne ginshiƙin komai, a mataki uku: na gida, na gari, na ƙasa, har ya ce a zahiri matattu ne ke mulkin rayayyu. Ya nuna cewa ladabin da ke burge baƙo ba daga sama ya faɗo ba, ƙarnoni na tilas da tsoron idon jama'a ne suka haife shi. Wannan magana ce mai nauyi, ta kuma nuna ba makahon masoyi ba ne.

Matsalar ita ce ya ɗora ginin duka a kan ra'ayin Herbert Spencer, masanin Ingila da yake ɗauka tamkar ba ya kuskure, mai jera al'ummomi hawa-hawa. Shi ya sa za ka ga yana maganar halin jinsi da gadon jini kamar tabbatattun abubuwa. Ƙiyayyarsa ga 'yan mishan ta sa ya goyi bayan murƙushe Kiristocin Japan a ƙarni na 17 ba tare da ya tsaya kan azabar da aka gana musu ba. Chamberlain, wanda suka yi shekaru suna musayar wasiƙu kafin zumuncin ya yi sanyi, daga baya ya soke shi da cewa yana ganin ƙananan abubuwa dalla-dalla amma ba ya iya haɗa su. Akwai ɗacin tsohuwar abota a wannan hukunci, akwai kuma ƙamshin gaskiya.

Ya ci gaba da son Japan har ƙarshe?

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Kumamoto ba ta yi masa ba, garin soja ne da yaƙin 1877 ya ƙone, aka sake gina shi ba ado. A 1894 ya koma Kobe yana rubuta wa jaridar Kobe Chronicle, idonsa ya hana shi daɗewa. Tokyo kuwa, inda ya koyar da adabin Turanci a jami'a daga 1896, ya tsane ta. Wasiƙunsa cike suke da ƙorafi kan jami'an gwamnati da sabbin 'yan boko masu kwat. Da aka sare tsofaffin itatuwan ɗakin bautar da yake zuwa shan iska, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Hutunsa shi ne Yaizu, garin masunta, inda yake sauka a saman shagon wani mai sayar da kifi ya yi ta iyo a teku.

A 1903 jami'a ta ƙi sabunta kwantiraginsa. Ɗalibai suka yi bore don a bar shi, bai hana ba. Wanda ya gaje shi Natsume Soseki ne, sabon dawowa daga Landan, wanda daga baya ya zama babban marubucin ƙasar. Ƙasar ta koyi abin da take so daga baƙi, ta fara sallamar su, abin da Hearn da kansa ya hango a maƙalarsa kan kokawar jujutsu, inda ya ce Japan da ƙarfin abokin karawa take kayar da shi.

An ce rubutunsa ya shafi makomar Sarkin Japan bayan yaƙin duniya na biyu?

Kada a zuzuta. Abin da ke tabbas shi ne Bonner Fellers, na hannun daman Janar MacArthur, kwamandan Amurka da ya jagoranci mamayar Japan bayan yaƙin, ya karanta littattafan Hearn tun kafin yaƙi, ya san iyalinsa, kuma yana cikin waɗanda suka ba da shawarar kada a gurfanar da Sarki Hirohito. Shawarar tana da dalilai na siyasa da na soja da suka fi littafi nauyi. Zumuncin dai ya bar alama: tattaɓa-kunnen Hearn, Koizumi Bon, shugaban gidan tarihin Matsue, daga Bonner aka samo sunansa.

Da wanne zan fara?

Kokoro, in zaman jama'a kake so. Kwaidan, in labari kake so, Turancinsa kuma ya fi sauƙi. Na farkon nan mai juzu'i biyu yana da ado da yawa, a tsinci babin Matsue da na lambun gidansa. Na ƙarshen a bar shi sai an karanta wani tarihin Japan na zamani. Dukansu sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su kyauta a intanet.

Yaya ya rasu?

A 1904 ya koma koyarwa a jami'ar Waseda, ana tsakiyar yaƙi da Rasha. Ran 19 ga Satumba ciwon zuciya ya buge shi. Ya ce wa Setsu in ya mutu kada ta yi kuka, ta sayi 'yar tukunya mai arha ta zuba ƙasusuwansa, ta binne a wani ƙaramin ɗakin bauta na ƙauye, ita da yara su yi ta wasan karta. Ya ɗan farfaɗo. Cikin kwanakin nan wata bishiyar ceri a lambun gidan ta yi fure ba lokacinta ba, abin da Japanawa ke ɗauka mugun alama, shi kuwa ya ce sallama ta zo yi masa. Ran 26 ga Satumba ciwon ya dawo bayan cin abincin dare, ya rasu yana da shekara 54, bai ga littafinsa na ƙarshe a buge ba.

An yi masa jana'iza irin ta mabiya Buddha, aka binne shi a maƙabartar Zoshigaya a Tokyo. Littattafan ɗakin karatunsa, sama da 2,400, suna jami'ar Toyama. Setsu ta rayu har 1932, kabarinta yana gefen nasa. Soseki ma, da ya rasu a 1916, a wannan maƙabartar aka kai shi.